Kwanon Auta

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara, irin zafin nan na Azare da kaza ke buɗe baki ta saki fukafukai a gindin randa. Tun ranar farko na ce wa mutanen gidan nan na san wannan zafin, ni da shi mun taɓa gamuwa shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Kowa ya toshe kunnuwansa, ya ƙura wa waya ido, yana dariya shi kaɗai.

Wai fim suke kallo. Na leƙa sau biyu ko uku, ban ga abin kallo ba. Yarinya ta tashi daga barci da jan baki da kwalli, gida ba turmi ba murhu, kuma ba a taɓa nuna wanda ya share tsakar gidan ba. A zauna a falo a yi ta musayar baƙar magana har wata da watanni, maganar da dattijo ɗaya zai kashe a zama guda. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne na Indiyan nan da ake ɗora wa Hausa. Sai ka ga Ba'indiye da gashin bakinsa ya buɗe baki yana ashar da muryar ɗan tasha. Na tsani abin nan tun ranar da na fara jin sa, kuma ina da dalilina, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar goma ga azumi jikata Nafisa, wadda ke karatu a kwaleji, ta faɗo ɗakina tana haki.

"Kaka, albishirinki!"

"Goro," na ce, ba don ina marmarin ji ba.

Sai ta ɗago wani tsohon kaset na bidiyo, kwalinsa ya yage gefe guda. Ko daga nesa na gane shi. A cikin adudun marigayiya Inna, uwar mijina, ta tono shi.

"Na ɗauki hoton kwalin da waya, sai ga fim ɗin ya fito. Kuma an fassara shi da Hausa, Kaka! Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci za mu sa a talabijin kowa ya gani. Har Gwaggo Talatu na kira, ta ce ko da rarrafe ne sai ta zo daga Misau."

A gidan nan Tafinta ake kirana, domin 'ya'ya da jikoki duk sun tashi da sanin cewa ina jin Indiyanci. Ba na ji. Ban taɓa ji ba. Da sunan kaɗai ne zai zube, da ban damu ba, tsohuwa me za ta yi da suna? Amma akwai wani kwano da ake zuba wa tuwo a rufe a gidan nan kowace magaribar azumi, kuma kwanon nan a kan wata magana yake zaune, maganar da na ce an faɗa a cikin fim ɗin. Ranar Juma'a kowa zai ji abin da aka faɗa na gaskiya, a gaban Talatu, ƙanwar mijina, wadda ta shekara talatin tana jiran wannan ranar.

Bari in koma baya.

Waccan shekarar ruwa ya yaudare mu. Ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya tashi kore shar har mutane suka fara yi wa juna barka. Yana fara fitar da kai sai sama ta ɗauke. Kullum hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe shanya, sannan ya watse ba ko ɗigo. Gonar maigidana, Malam Habu, wadda a shekarar kirki amalanke ke yi wa sawu huɗu ko biyar, a sawu ɗaya aka kwaso ta, shi ma rabi ƙaiƙayi ne.

Mu takwas ne a gidan. Ni da Malam da yaranmu uku, sai Inna, sai Talatu da aurenta ya mutu ta dawo gida, sai Sale, autan Inna, saurayi mai yawan dariya da cin tuwo. Da aka kammala ɗan abin da za a kammala na kaka, Sale ya ɗaure kayansa a buhu ya ce zai tafi kudu ci-rani, a rage baki ɗaya a gida. Ya ce kafin azumi zai dawo, ko ya aiko. Inna ta raka shi har zaure, ta cusa masa ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu. Azumi ya kama, ba Sale ba saƙo. A lokacin ba waya, labarin matafiyi a bakin direbobi ake nemansa. Malam ya yi ta sintiri tasha har aka san shi. Wannan ya ce ya ga mai kama da shi yana dako a wata kasuwa, wancan ya ce a'a, ba shi ba ne.

Aikinmu na azumin nan da ruwa yake farawa. Da an idar da sallar asuba ni da Talatu mu nufi rijiya tun rana ba ta fito ba. Rijiyar ta ja da baya, sau biyu ana ƙara wa guga igiya, kuma abin da ke fitowa rabi laka ne, sai an bar shi ya kwanta. Daga nan Inna ta auno dawa da hannunta, ta shafe bakin kwano da yatsa don kar ƙwaya ɗaya ta wuce ƙa'ida. Mu yi surfe, mu bakace, mu wanke. Dusar da a da awaki ke ci, a shekarar nan tankaɗe ta muke yi mu maida cikin gari. Kunun tsamiya kuwa tsararo ne, in ka leƙa ƙwarya kana ganin fuskarka. Miya kullum kuka ce, ba nama ba mai, sai ɗan daddawa don a yaudari hanci.

In rana ta take, ba abin da ke motsi. Ƙasar tsakar gida ba ta takuwa ba takalmi. Mu jiƙa zani mu lulluɓa, mu kwanta a gindin darbejiya, kafin ka juya gefe ɗaya zanin ya bushe ƙamas. Leɓe ya tsage, yawu ya kafe, har magana sai mutum ya auna ko ta cancanci a buɗe mata baki.

Ni da Talatu kuwa ko ba azumi ba ma ga maciji da juna. Ita tana ganin na mallake mata wa, ni ina ganin bakinta ne ya kashe mata aure, kuma har yau ban canza ra'ayi ba. Muna lugude a turmi ɗaya, taɓaryata na sauka tata na tashi, ba a taɓa samun karo ba, amma sai mu wuni ba mu yi wa juna magana ba sai ta bakin yara.

Abin da ya fi yunwa da zafi tayar mana da hankali shi ne Inna. Tun da azumi ya kama ba Sale, ta daina cin abinci. In an sha ruwa ta kurɓi kunu sau biyu ta ture. Tuwo ko kallo bai ishe ta ba. Da sahur ta sha ruwa ta ɗauki niyya.

"Ta yaya zan ci," in ji ta, "ban san ko Auta ya samu abin buɗa baki ba?"

Malam ya lallasa, ya yi nasiha, ya ce shekarunta sun ba ta damar ajiye azumin. Ta ce shi ya ajiye nasa. Kafin kwana goma zobenta ya fara zamewa daga yatsa, ta koma sallah a zaune. Kowa ya ga inda abin ya dosa, ba wanda ya iya furtawa.

Ana cikin haka Maman Uche ta shigo mana da kaya niƙi-niƙi a kai. Maƙwabciyarmu ce, mutuniyar kudu, tana sayar da kwanuka da robobi a kasuwa, kuma Hausar bakinta ta fi ta wasu 'yan gari. Za ta tafi garinsu bikin Ista, tana tsoron barin talabijin da injin bidiyonta a ɗaki ba kowa.

"Maman Bala, ga amana," ta ce da ni, domin da sunan ɗana Bala take kirana. "In an kawo wuta ku kalla, ba komai. Amma don Allah kar ku bari yara su tura masa cokali a baki."

Kaset uku ta bari. Biyu na bikin danginsu ne, ɗaya na Indiya, shi ne mai yagaggen kwalin nan. Malam ya ɓata rai, ya ce wata mai alfarma ba watan kallon rawa ba ne. Ya ce a ajiye a ɗakin Inna, a rufe da zani, kar a taɓa. Aka ajiye, aka rufe.

Sai dai wutar lantarki a lokacin, in ta ga dama, bayan azahar take zuwa, daidai lokacin da Malam ke wurin tafsiri. Rana ta biyu Inna, tana kwance a tabarma, ta nuna zanin da haɓa ta ce, "Wai shi wannan akwatin me yake yi ne?" Wannan ce tambaya ta farko da ta yi a kan wani abu da ba Sale ba. Na yaye zanin na kunna.

Idon Inna ya riga ya yi yana, inuwar mutane take gani ba fuskokinsu ba, amma kunnenta ras. Ta saurara ta saurara, sannan ta ce, "Ni da na ji Fulatanci na ji Barbarci, wannan yaren ya fi ƙarfina. Me suke cewa?"

Talatu ta taɓe baki. "Ai ga Asabe nan 'yar birni, ta yi zaman Kano. Sai ta yi mana tafinta."

Gatse ta yi mini. Wata uku na taɓa yi a Kano a gidan yayata, na ga fim ɗin Indiya bai fi sau huɗu ba. Da mace mai hankali ce ni, da na yi dariya na ce ban iya ba. Amma a gaban Talatu? Gara in mutu. Na gyara zama na ce, "Wannan tsohuwar mai farin zani uwarsa ce, shi kuma mai gashin bakin ɗanta ne. Yana ce mata an tashi lafiya, ya gajiya." Ƙaryata ta farko ke nan, kuma ba don Allah na yi ta ba, ba don Inna ba. Don in ƙuntata wa Talatu na yi.

Daga ranar abin ya zama aiki. Mu yi sauri mu gama surfe da tankaɗe, mu jiƙa tsamiya, mu taru a ɗakin Inna muna jiran ƙwan fitila ya kama. Wani lokaci minti ashirin a ɗauke, wani lokaci a kwana biyu ba a kawo ba, don haka fim ɗin guntu-guntu muka riƙa cin sa. Hoton yana rawa, yana yayyafi, wani sa'in kan mutum ya rabu da wuyansa sai an bubbuga injin. Matan maƙwabta suka ji labari suka fara zuwa da tsintar wakensu a faifai. Ɗaki ya cika da warin zufa, kowa na fifita da abin da ya samu, ni kuma ina gaba ina zuba. In mutum ya ɗaga hannu in ce rantsuwa yake yi. In mace ta sunkuyar da kai in ce an yi mata maganar aure.

Abin da ban yafe wa fim ɗin nan ba har gobe shi ne ruwa. Muna zaune maƙogwaro a bushe, rijiya na ba mu laka, sai ga wata budurwa ta fito tsakiyar ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tana juyi tana waƙa, ruwa na kwarara a banza ba ko bokiti a ƙarƙashin indararo. A ɗakin kana jin ana haɗiyar yawun da babu.

"Tafinta," in ji Talatu, "ita kuma wannan me take cewa?"

"Godiya take yi wa Ubangiji da ya ba su damina."

"Godiya da karkaɗa ƙugu?"

"Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi," na ce.

Inna ta yi dariya, ta farko tun tafiyar Sale. Amma da magariba ta yi, kurɓa biyu ta yi wa kunu ta ture kamar kullum.

Wajen tsakiyar azumi muka iso wurin da nake nufi. Mai gashin bakin yana tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Tsohuwar ta biyo shi da kwano a rufe ta miƙa masa. Ya tura mata kwanon ya koma hannunta, ya yi magana mai tsawo da ƙarfi, ya juya ya tafi, ita kuma ta durƙushe tana kuka. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Inna ce. Hannun nan ba nama, sai ƙashi da zafi.

"Me ya ce mata? Asabe, me ya ce wa uwarsa?"

Na dubi fuskarta, idanu sun faɗa, leɓe ya yi fari. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, na ji bakina yana cewa, "Ya ce, Inna, rufe mini abincina ki ajiye. In na dawo kafin asuba, in ci. In ban dawo ba, ke ki ci, kar ki rage ko loma, domin abin da ya shiga cikin uwa shi ke riƙe ɗa a duk inda yake."

"Mutumin da ke zare ido yana ɗaga murya haka," in ji Talatu, "shi ne yake wannan daɗin bakin?"

"Haka suke magana in abu ya taɓa musu zuciya."

"Talatu, rufe mana baki," in ji Inna. Ta sa na maimaita mata maganar sau biyu, tana motsa leɓe tana bi.

Da yamma ta rarrafa da kanta ta ɗauko kwanon Sale, wani fari mai murfi da shuɗin baki, ta ce a zuba tuwo a rufe a ajiye mata a gefen tabarma. Da sahur ta buɗe, ta yi bismilla, ta cinye tas har da suɗe yatsa. Malam ya dube ni, na dubi ƙasa. Washegari ma haka, wanshekare ma haka. Kafin sati ta koma sallah a tsaye.

Tuwon kwanon nan ba daga sama ya faɗo ba. Awo bai ƙaru ba, don haka daga malmalata da ta Talatu aka riƙa gutsura, tunda ba za a taɓa ta yara ko ta Malam ba. Na ƙarasa azumin nan ina jin jiri in na sunkuya a rijiya. Wata safiya muna bakin turmi Talatu ta tsayar da taɓarya, ta yi mini magana baki da baki, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Ƙarya da bakin azumi, Asabe? Ki ji tsoron Allah. Wallahi ranar da asirinki zai tonu ina wurin, ko ina kabari sai na taso."

"Ga ɗakinta can, je ki faɗa mata mana."

Ba ta je ba. Na ɗauka tsoron Inna take ji, na ƙara raina ta.

Ƙarshen fim ɗin ba mu gan shi ba. Saura kaɗan, mai gashin bakin yana cikin jirgin ƙasa, sai injin ya yi wani gurnani hoto ya ɗauke. Da muka zaro kaset ɗin zarensa ya biyo baya a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Inna ta ce, "To ya dawo wurin uwarsa ko bai dawo ba?" Na ce ya dawo, Maman Uche ta taɓa ba ni labari. Ƙarya in ta saba da baki ba ta neman izini. Da Maman Uche ta dawo daga tafiya ta ga ɓarnar, dariya ta yi ta ce dama ya tsufa, ta bar wa Inna shi. Inna ta yi mata tambayar nan, ni kuma ina bayan Inna ina ƙifta ido kamar wadda barkono ya faɗa wa. Matar nan, Allah ya saka mata, ta ce, "Ya dawo, Mama. Har da mota ya dawo."

Sallah ta zo, Sale bai zo ba. Bayan wasu makonni ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna ihu, muka jera duk wani abu mai baki a ƙarƙashin indararo. Inna ta zauna a bakin ƙofa tana kallon zaure har ruwan ya tsaya. Bai zo a daminar ba, bai zo a ta gaba ba. Har yau ba mu san ko yana raye ko ya mutu ba.

Inna ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kuma kowane azumi ana rufe kwanon Auta, ita ke ci da sahur. Da ta rasu Malam ya ce kar a fasa, babbar mace a gida ta riƙa ci. Ya rasu shi ma, kwanon yana nan, yanzu ni ke ci. Maganar kuma ta fita daga gidan nan ta yi ƙafa. 'Yata da ke aure a Bauchi tana rufe wa ɗanta soja nasa kwanon. Duk macen da ta ƙi abinci a danginmu don ɗanta na asibiti ko na nesa, sai a ce mata abin da ya shiga cikin uwa shi ke riƙe ɗa, sai ka ga ta ja kwano. Wasu ma sun ɗauka karin maganar mutanen da ce. Wannan shi ne abin da Nafisa za ta kunna wa wuta ranar Juma'a, da wayarta da murmushinta.

Na yi iya ƙoƙarina. Na ce mata kallo da rana yana rage ladan azumi, ta ce, "Kaka, ku da kuka kalla a azumin ma?" Na yi addu'ar a ɗauke wuta, na manta ɗana ya sa mana sola. Zamanin nan ko rashin wuta ba a bar wa mutum ya fake da shi ba.

Ranar Juma'a keke napep ya sauke Talatu a ƙofar gida, da sandarta da haƙorin Makkanta.

"Tafinta, ana nan dai?"

"Ana nan, ba a mutu ba, sai haƙuri."

"Ai ba yanzu ba," ta ce, ta nemi kujerar da ta fi kusa da talabijin ta zauna.

Falo ya cika, 'ya'ya da surukai da jikoki. Rabon da in ga mutanen gidan nan sun ajiye waya suna kallon abu guda har na manta, kuma sai da za a tozarta ni suka iya. Hoton ya fito tar, ba rawa ba yayyafi, ashe ma zanin budurwar nan ja ne. Muryar ɗan tasha ta fara zuba. Wanda na ce kawunsa ne, ashe ɗan sanda ne. Wadda na ce an yi wa maganar aure, ashe korar ta aka yi daga aiki. Da aka zo waƙar ruwan sama, ba godiya ba damina, saurayi take kira. Yara suka fara ƙunshe dariya suna satar kallona.

"Fassara ai iri-iri ce," na ce. Talatu ko motsi ba ta yi ba, ta ɗora haɓa a kan sanda.

Sai ga ƙofar, ga jakar, ga tsohuwar da kwanonta. Nafisa ta ƙara murya ta ce, "Ku yi shiru, ga wurin nan!" Mai gashin bakin ya ture kwanon, muryar ta fito da Hausa garau, ba inda mutum zai ce bai ji ba.

"Ɗauke ƙazamin abincinki, tsohuwa! Ko kare ba zai ci wannan ba. Daga yau ba ni ba ke, ki ɗauka ba ki haife ni ba!"

Ba wanda ya yi dariya. Na fi son a ce sun yi. Ta ƙofar falo ina hango kwanon Auta a kife a kan randa, an wanke shi yana jiran magariba. Nafisa ta tsayar da fim ɗin, ta juyo a hankali.

"Kaka, ba nan ne wurin ba?"

Shekara talatin ina zuba, yau ko kalma ɗaya ta gagara. Sai na ji sanda ta daki ƙasa.

"Kashe abin nan," in ji Talatu. "Shi wannan mai maganar ɗan gidan uban waye?"

"Gwaggo, ƙwararru ne fa, aikinsu ke nan."

"Ƙwararrun banza. Ba ya jin Indiyanci, surutu kawai yake yi don a saya. Ni ina ɗakin ranar, da kunnena na ji. Abin da Asabe ta faɗa shi mutumin nan ya faɗa, ba ragi ba ƙari."

"Amma Gwaggo, ai ke ma ba kya jin..."

"Na ce ki kashe, ko in kashe shi da sandar nan."

Nafisa ta kashe. Yarinyar nan ba sakarya ba ce, ta dube ni, ta dubi Talatu, ta daɗe tana kallonmu. Sannan ta ce wa sauran su tashi, la'asar ta gabato, ga ƙosai ba a soya ba. Falo ya watse aka bar mu mu biyu.

"Kar ki soma yi mini godiya," in ji Talatu, tun ban ce komai ba. "Maƙaryaciya ce ke, jiya da yau, kuma sai kin yi bayani a gaban Allah."

"Kin ce ko kina kabari sai kin taso."

"Ga ni ai, na zo. Me kika zata ya fito da ni daga Misau cikin wannan zafin, kallon gashin bakin Ba'indiye? Uwata ta ci tuwo shekara goma sha ɗaya a kan maganar nan, da rabin malmalata a ciki. Ba ɗan tashar da zai zo da rana tsaka ya ƙwace mata shi."

Na ji idona ya kawo ruwa, na ji haushin kaina da hakan ta faru a gabanta. Na ce, "Bakinki dai har yau bai mutu ba." Ta ce naki ne ya mutu ɗazu, kowa ya gani.

Da aka kira magariba ban ce wa kowa komai game da kwanon ba. Na zauna da dabinona ina kallon randa ta wutsiyar ido. Aka sha kunu, aka yi sallah, aka fara kwasar tuwo. Sai na ga Nafisa ta je ta ɗauko shi, ta goge da gefen mayafinta, ta sa malmala guda, ta zuba miya, ta rufe. Ta kawo ta tsaya a tsakanina da Talatu.

"Yau wa zai ci? Gwaggo ce 'yar Inna, ga ta ta zo."

"Ba ta," in ji Talatu, ko kallona ba ta yi ba. "Ita ta dafa ƙaryarta, ita za ta ci."

Da sahur na buɗe na yi bismilla na cinye, ban rage ko loma ba. Ƙarshen fim ɗin kuwa har yau ban gani ba. Na san yana nan cikin wayar Nafisa, taɓawa ɗaya ya fito. Na riga na gargaɗe ta: duk ranar da ta zo mini da labarin ko ya dawo ko bai dawo ba, a turmi zan daka wayar nan.